Noti ya cinye a jikin inji: gyaran da ya fi arha, da wanda ke cin kuɗi sau biyu

Da zarar damina ta ɗauke, manoman rani na Jiratawa, Ƙonni, Galmi da fadamun Korama suka fiddo injinan ban ruwa daga ɗaka, garejojin ƙananan injina kan cika da wata matsala wadda ba ta da girma a ido amma tana tsayar da aiki cik: noti yana juyawa, yana ta juyawa, ba ya kamawa. Haka take samun ɗan kabu-kabu da ya tsaya juyen mai a bakin titi, da tela ko mai sayar da ƙanƙara da ya kwance bujin gurup ɗinsa don ya goge. Haƙoran ramin da notin ke shiga sun cinye.

Amsa biyu aka fi ba mai inji a irin wannan hali. Ta farko, a ce masa sai an canja kulas ko kartar gaba ɗaya. Ta biyu, a naɗa wa notin ƴar waya ko leda, a tura shi da ƙarfi, a ce masa ya tafi ba komai. Ta farko tana cin kuɗin da sau da yawa bai kamata a kashe ba. Ta biyu kuwa tana iya cinye injin ɗungurungum. A tsakaninsu akwai gyare-gyare da dama masu sauƙin kuɗi, kuma tambaya ɗaya ce ke nuna wanda ya dace: wane nauyi wannan notin yake ɗauke da shi? Notin da ke riƙe murfin fanka da wanda ke toshe baƙin mai ba a yi musu magani iri ɗaya.

Me ya sa rami ne ke cinyewa, ba noti ba

Galibin ƙananan injinan da ake aiki da su a Nijar, daga babura masu ƙarfin 110 da 125 zuwa injin ban ruwa da gurup da aka ƙera a kan samfurin Honda GX160, jikinsu alminiyom ne. Kartar, wato tukunyar da baƙin mai ke zama a ciki, da kulas, wato kan injin inda buji ke shiga, duka da alminiyom ake zuba su, saboda ba shi da nauyi kuma yana saurin fitar da zafi. Shi kuwa noti, wanda wasu makanikai ke ce wa bulon, ƙarfe ne mai tauri. In aka haɗa mai tauri da mai laushi aka matse fiye da kima, mai laushin ne zai ba da kai. Shi ya sa in aka zaro notin akan ga wani siririn zare fari ya naɗe tsakanin haƙoransa. Wannan zaren shi ne haƙoran ramin da suka tsinke suka biyo shi waje.

Nauyin kuma ba ya rabuwa daidai a kan haƙoran. Na farko, wanda ke bakin rami, shi kaɗai yana ɗaukar kusan kashi ɗaya bisa uku, kuma ukun farko su ke ɗauke da mafi yawa. Da na farko ya tafi sai nauyin ya koma kan na biyu, haka har su ƙare. Saboda haka ƙa'idar masu ƙera injina ita ce, a jikin alminiyom noti ya shiga zurfin da ya kai kaurinsa sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu: mai kaurin milimita 6 yana son zurfin milimita 9 zuwa 12. Wanda ya ɓatar da notin asali ya maye shi da gajeren da ya tsinta a ƙasan gareji, ya riga ya fara cinye ramin tun bai ɗauki kile ba.

Zafi ma yana da hannu. Alminiyom yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe in ya yi zafi, kuma ƙarfinsa yana raguwa, don haka kwance buji ko ɗaure shi a kan injin da aka kashe yanzu-yanzu kasada ce. Ga kuma ƙurar hunturu: yashin da ya faɗa cikin rami yana goge haƙora kamar takardar goge katako duk lokacin da aka ɗaure aka kwance.

Amma babban mai laifi shi ne hannu. Notin milimita 6, wanda ya fi kowane yawa a jikin waɗannan injina, ƙarfin ɗaurin da yake buƙata bai wuce niyuton-mita 10 ba. A bayyane, kamar a rataya kilo 5 ne, wajen tiya biyu ta gero, a ƙarshen kile mai tsawon santimita 20. Yaro ɗan shekara goma zai iya ba da wannan ƙarfin da hannu ɗaya. In aka ƙara wa kilen bututu ya kai santimita 60, turawa iri ɗaya ta zama ninki uku. Yaron gareji kuwa ya fi jin tsoron noti ya kwance a hanya maigida ya yi masa faɗa a kan ya cinye rami, domin wanda ya kwance yau ake gani, wanda ya cinye kuwa sai a juyen mai na gaba, lokacin ba wanda ya san hannun wa ne.

Kafin a ɗauko injin huda

Akwai wani ruɗani da ke lalata ramuka da yawa tun a shagon kenkayeri. A gareji ana kiran noti da lambar kilen da ke kwance shi: “na 10”, “na 12”, “na 14”. Wannan girman kai ne, ba kaurin jiki ba. Notin da ake ce wa na 10 kaurinsa milimita 6 ne, a rubuce M6, kuma a jikin babur akwai M6 mai kan 8. A injinan samfurin Japan da Sin, M8 yana da kan 12, M10 yana da kan 14. A na Turai M8 kan 13 gare shi, M10 kuma galibi 17. Bayan kauri akwai tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori: milimita 1 ga M6, 1,25 ga M8, shi kuwa M10 iri biyu ne ake yawan gamuwa da su, mai 1,5 da mai 1,25, kuma wannan na biyun ya fi yawa a ƙananan injina. Noti mai kauri daidai amma tazara dabam zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije. In aka tilasta shi da kile, shi ke nan ramin ya tafi. Gwajin ba ya cin ko dala: a haɗa tsohon noti da sabon gefe da gefe, haƙori cikin haƙori, a ɗaga su wajen haske. In haske yana ratsawa, ba iri ɗaya ba ne.

Daga nan sai a duba na wa ne suka cinye. In haƙoran notin ne suka kwanta, na ramin suna nan, sabon noti ya gama magana. In kuwa noti yana tsayawa tun bai matse ba, wataƙila laka ce ko baƙin mai suka taru a gindin ramin. A wanke da esansi, a hura. Tilasta noti a ramin da ke cike da mai yana iya tsaga kartar, saboda man ba shi da hanyar fita. Haƙoran da suka ɗan lanƙwashe kawai, ba su tsinke ba, ana iya miƙe su da tsohon noti mai kyau wanda aka tsaga masa layi a tsaye da zarton ƙarfe: tsagar tana kwashe datti, haƙoran kuma suna komawa hanyarsu.

In an tabbata haƙoran ramin sun tafi, gyara mafi arha yana farawa da tsinken tsintsiya. A zura shi a auna zurfin ramin, a gwada da tsawon da notin ke shiga. Masana'anta kan huda rami ya fi notin zurfi, don haka sau da yawa akwai haƙora huɗu ko biyar a ƙasa da ba a taɓa amfani da su ba. Noti mai ƙarin tsawon milimita 5 zai kama su. Sharaɗi biyu ne: kada ya dunguri gindin ramin, a bar masa milimita ɗaya ko biyu, kuma in ramin ya ɓulle cikin inji, a juya injin da hannu bayan an ɗaure don a tabbata dogon notin ba ya taɓa wani abu mai juyawa. Wannan ya isa ga murfi da makamantansa. Bai isa ga kulas ba.

Inda kuma ramin yake a kunnen da bayansa ke buɗe, kamar ƙafar inji ko mariƙin tanki, ba sai an wahala ba. A huda ya ɓulle, a zura dogon noti, a ɗaure da ekuru da rondel ta baya. Ya ma fi na asali ƙarfi.

Yanka sababbin haƙora

Mataki na gaba shi ne a faɗaɗa ramin a yanka masa haƙora mafi girma. Kayan aikin wani ɗan ƙarfe ne mai kama da noti, mai tsagogi a jiki, wanda makanikai ke kira taro. Sunan daga Faransanci yake, ba shi da alaƙa da taron biki. Lissafin mesh ɗin da za a yi huda da shi kafin a sa taro mai sauƙi ne: a cire tazarar haƙora daga kaurin noti. M6 yana son hudar milimita 5, M8 yana son 6,8, M10 mai tazarar 1,5 yana son 8,5.

Wannan lissafin yana ɓoye da wata dabara da ta dace da ƙasar da tsofaffin Peugeot 404 da 504 suka daɗe suna aiki. Ramin M6 da ya cinye ƙarƙaf faɗinsa ya zama kusan milimita 6, wanda shi ne daidai hudar da M7 mai tazarar 1 yake so. Ke nan ba sai an yi huda ba, taron M7 kawai za a bi da shi. Notin M7, mai kan 11, ba kasafai ake ganinsa a injinan Asiya ba, amma motocin Faransa sun yi amfani da shi sosai, don haka wajen masu tsofaffin kayan mota ne wurin nemansa. Amfaninsa shi ne naman da ake ci kaɗan ne ƙwarai. Illarsa, makanikin da zai buɗe injin nan gaba bai san da shi ba; in ya ɓatar da shi ya mayar da M6, zai ce ramin ya sake cinyewa. Mai inji ya riƙe wannan a ransa, ko a ɗiga wa kan notin fenti.

Tsallakawa daga M6 zuwa M8 ya fi sauƙin samun kaya, amma yana cin nama da yawa. A dubi kaurin bangon da ke kewaye da ramin: in abin da zai rage bai kai kamar milimita 3 ba, bangon zai iya tsagewa ranar da aka matse. Sai kuma an faɗaɗa hudar murfin da notin ke ratsawa, wani lokacin ma kan notin ba ya samun wurin zama. Maganin wannan yana wajen masu tur, wato injin sassaƙa ƙarfe: su fiddo gujon mai kauri biyu, gindinsa M8 ya shiga jikin inji ya zauna dindindin, samansa M6 ya ratsa murfin yadda yake, a ɗaure da ekuru. A wuraren da ake yawan buɗewa, kamar bakin salansa da karburato, gujon ya fi noti ko da ramin bai cinye ba, domin gogayyar ta tashi daga alminiyom ta koma kan ekuru, abin da ake canjawa da ƴan daloli.

Kowace hanya aka bi, aikin yana lalacewa ne a wuri ɗaya: karkata. Ramin da aka huda a karkace, notinsa zai matse gefe ɗaya ya bar ɗayan, juwan ya yi yoyo. Wanda ba shi da injin huda na tsaye zai iya huda guntun katako mai tauri a miƙe, ya ɗora shi a bakin ramin ya zame masa jagora. Alminiyom yana fizgar mesh, don haka in ƴan milimita kaɗan za a ƙara, gara a juya mesh ɗin da hannu. A naɗa masa salatif a daidai zurfin da ake so, kada ya zarce ya ɓulla cikin hanyar mai. Shi kuwa taro, da kananzir ake jiƙa shi, a yi gaba rabin zagaye a dawo baya kwata don ɓarɓashin ya karye. In ya cije, a fito da shi a wanke. Taro yana da tauri amma yana karyewa kamar kwalba, kuma in ya karye a cikin rami mesh na yau da kullum ba ya iya cin sa. Nan ne ake cewa garin neman gira an rasa ido. Kafin duk wannan, a juye esansin da ke tanki a ajiye nesa, a kuma kare ido daga ɓarɓashi.

Waya mai murɗi da zobe

Gyaran da ke mayar da rami girmansa na asali shi ne wanda aka fi sani da sunan Helicoil. Waya ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, an murɗa ta kamar sifirin, bayanta yana shiga haƙoran da aka yanka a jikin inji, cikinta kuma ya zama sababbin haƙora ga notin asali. An ƙirƙiro ta a Amurka a ƙarshen shekarun 1930 domin injinan jiragen sama, waɗanda su ma suke fama da ramin buji a jikin alminiyom. Wato ba dabarar maneji ba ce. In an sa ta daidai, ramin yakan fi yadda ya fito daga masana'anta jure ɗaurewa da kwancewa, saboda yanzu ƙarfe ne ke gogar ƙarfe.

Akwatinta yana zuwa da mesh nasa, milimita 6,3 ga M6, 8,3 ga M8, da taro na musamman wanda taron kasuwa ba ya maye gurbinsa, da sandar murɗa wayar. A huda, a yanka, a wanke, a murɗa wayar har ta nutse kwata ko rabin zagaye ƙasa da bakin ramin, sannan a karya ɗan harshen da ke gindinta a fitar da shi. Wayoyin suna da tsawo dabam-dabam. A jikin alminiyom a zaɓi mai tsawon kaurin notin sau ɗaya da rabi ko sau biyu.

Matsalarta ɗaya ce: kowane akwati girma ɗaya yake yi. Ga mai inji ɗaya da rami ɗaya, sayen akwati asara ce. Ga gareji kuwa, ko ƙungiyar manoman da ke da injina ashirin a fadama ɗaya, akwatin M6 da na M8 za su mayar da kuɗinsu da wuri, domin bayan sayen farko wayar kaɗai ake ƙara saye. Garejin da ke gyaran babura kullum amma ba shi da waɗannan biyun, masu babura ne ke biyan rashinsu.

Inda ba a samu akwatin ba, mai tur yana iya yin zobe, abin da ake ce wa bag. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki notin M10, a huda tsakiyarsa da mesh 5, a yanka M6 a ciki, a datse shi daidai zurfin ramin. Jikin injin kuma a huda shi 8,5 a yanka M10. A shafa wa zoben gam ɗin kulle noti, irin su Loctite ja, a murɗa shi ya zauna, a ɗan doki bakinsa da ƙusa don kada ya biyo noti waje. Yana da ƙarfi sosai, sai dai yana son bango mai kauri, fiye ma da abin da M8 ke so.

Ramin buji

Nan ne wurin da bai karɓar wasa. Buji yana zaune a kan wuta da matsin iska, a kulas ɗin da zafinsa kan wuce digiri 150, kuma ta haƙoransa da mazauninsa yake sauke mafi yawan zafin da ya ɗauka. In ya yi sako-sako, inji zai rasa ƙarfi, bujin ya yi zafi fiye da kima, wata rana kuma ya yi tsalle ya fice da kansa.

Girma uku aka fi gani. Injin ban ruwa da gurup irin GX160 bujinsu milimita 14 ne mai tazarar 1,25, tsawon haƙoransa 19. Babura masu 125 samfurin CG na milimita 12 suke sha, ƙananan masu 110 kuma na milimita 10. Kusan duk ramin bujin da ya lalace, a farkon ɗaurawa ya lalace: an sa shi a karkace, an fara da kile maimakon yatsu. In haƙoran sama kaɗai suka hau juna, akwai gyaran da ba ya buƙatar zobe: a cire kulas, a shigar da taro mai girman bujin ta ciki, ta ɓangaren da fistan yake, inda haƙoran ke da lafiya, ya biyo su ya fito ta sama ya daidaita waɗanda suka karkace.

In duka sun tafi, sai waya mai murɗi ko zobe, kuma tsawonsu ya zama daidai da na haƙoran bujin. Wanda ya zarce ya leƙa cikin ɗakin wuta zai yi ja, ya riƙa kunna esansi tun lokaci bai yi ba, har ya huda fistan. Mazaunin da rondel ɗin buji ke kwanciya a kai shi ma ya zama shafaffe. Haka nan, dabarar dogon noti ba ta aiki a nan: buji mai tsawo fiye da na asali zai iya karo da fistan.

Wasu suna yin aikin ba tare da cire kulas ba, su cika tsagogin taro da giris don ya kama ɓarɓashi, su hura abin da ya rage. A motar da cire kulas ɗinta aikin yini ne, ana iya fahimtar wannan. A inji mai silinda ɗaya kuwa, inda noti huɗu ne da juwan ɗaya, ƙyashin kuɗin juwan bai kai haɗarin ɓarɓashin da zai maƙale a bakin bawul ko ya karce silinda ba. A cire.

Bayan gyara, ɗaurin buji yana da ƙa'idar da ba ta buƙatar wani ma'auni. A murɗa da yatsu har rondel ɗinsa ya zauna. In sabo ne, a ƙara rabin zagaye da kile. In an taɓa ɗaure shi, kwatan zagaye ko rabin kwata ya isa, domin rondel ɗin ya riga ya matse. Bujin da ya ƙi tafiya da yatsu tun zagayen farko, a fito da shi a sake.

Notin juyen mai

Injin GX160 baƙin man da ke cikinsa bai wuce lita 0,6 ba, na babur kuma wajen lita ɗaya ne. In notin ƙasa ya faɗi a hanya, man zai ƙare kafin direba ya ankara, kuma ƴan mintoci kaɗan ba mai sun isa su ƙone inji. Injinan ban ruwa da yawa suna da na'urar da ke kashe su in mai ya yi ƙasa. Babura ba su da ita.

Abin da ke cinye wannan ramin kusan kullum ɗaya ne: rondel. Ƙarƙashin kan notin akwai ɗan rondel na alminiyom ko jan ƙarfe wanda aka yi shi don ya matse sau ɗaya ya toshe yoyo. In an yi ta mayar da tsohon, sai ya daina toshewa, mai ya riƙa ɗiga, makanike ya ƙara matsewa, wata mai zuwa ya ƙara, har haƙoran su tafi. Abin da bai kai kuɗin kofin shayi ba shi ke jawo asarar kartar.

Ga gyara, babura da yawa notinsu M12 ne mai tazarar 1,5, ana iya mayar da shi M14 mai tazara iri ɗaya da hudar 12,5, in bangon ya ba da dama, ko a sa masa waya. Miƙewar huda ta fi muhimmanci a nan fiye da ko'ina, domin in ta karkata ko kaɗan rondel ba zai kwanta ba. A cika taron da giris, bayan an gama a zuba kananzir ko tsohon mai ta sama ya wanko ɓarɓashin ta ƙasa, kafin a zuba sabon mai. A tayar da injin ya yi zafi, a kwantar da shi a kan kwali mai tsabta ya kwana. Kwalin zai faɗi gaskiya da safe.

Masu injin ban ruwa da gurup suna da wata sa'a da da yawansu ba su lura da ita ba: injinan wannan samfuri galibi suna da notin juyen mai biyu, ɗaya a kowane gefe. In na gefe ɗaya ya fara cinyewa amma har yanzu yana ɗan kamawa, a wanke ramin ya bushe, a shafa wa notin gam a rufe shi har abada, a koma juye ta ɗaya gefen.

Gam, waya da walda

Gam mai haɗi biyu, irin wanda ake cakuɗawa ya daskare kamar ƙarfe, yana da wurinsa, amma ƙarami ne. Yana iya riƙe notin murfin roba, ko gujon a wurin da ba zafi ba nauyi, in an wanke mai sarai kafin a shafa. Ba ya riƙe buji, ba ya riƙe salansa, ba ya riƙe kulas. Silin wayar lantarki da ake zurawa cikin rami shi ma zai iya kai mutum gida daga daji in notin murfi ne, amma yana ƙara cinye abin da ya saura, har ya sa ramin da M7 zai gyara jiya ya koma sai M8. Leda, tsumma da farin tef ɗin masu famfo kuwa ba sa ƙara wa haƙora ƙarfin komai, suna dai sa hannu ya ji kamar ya matse. Mafi muni shi ne dunƙule haƙoran noti da guduma don ya cije, ko tura sukurun katako: za su shiga, amma ranar fitowa da sauran naman za su fito.

Notocin da ke danne kulas a kan silinda su ne masu nauyi mafi girma. A GX160, M8 ne guda huɗu, ana ɗaure su da niyuton-mita 24, a gicciye, kaɗan-kaɗan. In ɗaya ya cinye, alamarsa ita ce inji ya rage ƙarfi, a ji yana huci ta gefen juwan, ko a ga baƙi-baƙi a wurin. Waɗannan waya mai tsawo ko zobe kaɗai ya dace da su, kuma a wajen wanda yake da injin huda na tsaye.

Walda ita ce ta ƙarshe. In kunnen kartar ya karye ko bangon rami ya tsage, mai waldar argon zai iya cike wurin a sake huda. Waldar ƙarfe ta bakin titi ba ta yin wannan aikin. Alminiyom yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ya ba da sanarwa ba, kuma zafin yana iya lanƙwasa fuskar da juwan ke kwanciya, don haka sai an kwance injin gaba ɗaya, a kuma duba fuskar bayan ta huce.

A nan ne ya kamata mai inji ya tsaya ya yi lissafi. Kartar tana da tsadar canji ko da an same ta da arha, saboda sai an wargaza injin duka an sake haɗawa, a babur kuma lambar inji a jikinta take, wadda ke rubuce a takardun babur ɗin. Ita ta cancanci a yi mata wahalar gyara. Kulas ɗin injinan Sin kuwa noti huɗu ke riƙe da shi, kuma ana samunsa sabo da bawul ɗinsa a kasuwa. In ramin buji ya cinye, ga tsaga ta taso daga shi zuwa mazaunin bawul, ko an taɓa sa masa zobe ya fita, a tambayi kuɗin sabo kafin a biya mai tur, a haɗa da kwanakin da albasa za ta yi ba ruwa ana jiran gyara. Tsohon ma ba a jefar da shi: masu zuba tukwane, irin na kasuwar Katako a Yamai, suna sayen alminiyom a kan kilo.